'Yan Amshi Ma Suna Da Suna

Maƙalar wannan mako za ta taka sawun wasu, sai a yi haƙuri. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin matasan marubuta, wani lokaci a fili, wani lokaci a cikin raha. Wai makaɗan baka maroƙa ne, ba su da abin da za su koya wa mai alƙalami. Wai shi marubuci da tunani yake aiki, makaɗi kuwa da ciki, inda aka miƙa masa riga nan bakinsa yake. Mai faɗin wannan sai ka same shi ya haddace sunayen marubutan Ingila da na Rasha, amma ka tambaye shi aikin me mutanen nan da ke tsaye a bayan Ɗanƙwairo suke yi in yana waƙa, sai ya hau susar ƙeya. Mu ba mu yarda da wannan magana ba. Muna ganin raini ne da rashin sani ya haifa, kuma rainin yana jawo mana asarar da ba a mayar da ita, domin masu riƙe da abin da ake rainawar tsofaffi ne, kullum kuma ana kai su makwanci.

Mu ɗauki Ɗanƙwairon kansa, Allah ya jiƙansa. An haifi Alhaji Musa wajajen 1909 a ƙasar Bakura, cikin Jihar Zamfara ta yanzu, ya rasu a 1991. Kiɗa gado ne a gidansu. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, da kiɗan noma gidan ya fara suna kafin ya koma kiɗan fada a Maradun. Musa bai faɗo daga sama yana jagora ba. Amshi ya fara yi wa mahaifinsa tun yana yaro, bayan nan ya yi wa yayansa Kurna, ya daɗe a bayan wani kafin ya tsaya a gaba. Ko laƙabin da duniya ta san shi da shi ma daga cikin ƙungiya ya fito: akwai wani mai suna Ƙwairo a wajen mahaifinsa da aka sani da zaƙin murya, da aka ji muryar yaron ta ɗauko tasa sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo. A duba wannan da kyau. Sunan da ya cika Arewa sunan wani ɗan ƙungiya ne da ba don yaron ba da tuni an manta an taɓa yin sa.

A zamanin siyasar Jamhuriya ta Farko ya zama makaɗin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, kuma daga nan sunansa ya tsallake Zamfara. Bayan kisan Sardauna a watan Janairun 1966 bai ajiye kotso ba. Ya zauna da 'Yandoton Tsafe, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙoƙi, ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero, ya yi wa sarakunan Zazzau da wasu da dama. Wannan kowa ya sani, ko ya ji a rediyo. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda waƙar take haɗuwa.

Duk wanda ya saurari waƙar Ɗanƙwairo da kunnen basira zai ji cewa ba mutum ɗaya ke yin ta ba. Shi jagora ne, shi ke ƙulla gindin waƙa, shi ke jefo ɗiyanta ɗaya bayan ɗaya. Amma sau da yawa ba ya ƙarasa ɗan da ya ɗauko. Zai fara, ya saki, 'yan amshi su cafe su ƙarasa masa, su zarce da gindi. Wani lokaci su tarbe shi tun bai kai ƙarshe ba. Wani lokaci su raka shi, muryoyi su tafi tare. Wani lokaci ya ba su, su ba shi, magana tana kai da kawo a tsakaninsu kamar ana jifan ƙwarya ana cafewa. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun ba waɗannan dabaru sunaye: ƙari, karɓi, tarbe, rakiya, bayayyeniya. Kuma su waɗannan mutane ba baki kaɗai suke aiki da shi ba. Kowannensu yana rataye da kotso, gangar nan mai baki ɗaya da ake kaɗawa da hannu, ana matsa tsarkiyarta ana saki don muryarta ta hau ko ta sauka. Wato mutum yana rera wani abu da baki, hannunsa na faɗin wani abu da fata, kunnensa na kan jagora don kada ya shigo da wuri ko ya makara.

To ku gaya mana, ta yaya mutum shida ko takwas za su ƙarasa maka jimlar da ka fara, da lafazi ɗaya, a numfashi ɗaya, in ba an zauna an tsara ba? Ba ya yiwuwa. Makaɗan fada a gida suke shirya waƙa. Jagora ya ƙulla, ya kawo wa ƙungiya, a yi ta bita, a cire wannan kalma a sa waccan, a san wa zai ɗaga murya wa zai kwantar, har sai ta zauna, sannan a kai ta gaban sarki. A nan suka bambanta da Mamman Shata, wanda ya shahara da ƙirƙira nan take a gaban jama'a, amshinsa kuma gindi ne da ake maimaitawa. Kowanne gwani ne a fagensa, amma na Ɗanƙwairo aikin tsara muryoyi ne. Ƙungiyar tasa ma tsarin fada gare ta, da muƙamai irin su Daudun Kiɗi da Marafan Kiɗi, kowa ya san matsayinsa, ga kuma sanƙira da ke gefe yana fayyace wa jama'a abin da ake nufi. Mutumin da ya ƙirƙiri waƙa, ya sa mata kari, ya raba ta ga muryoyi, ya horar da masu rerawa shekara da shekaru, ya tsaya a gaba yana ba su alama da ido da kafaɗa, a wasu ƙasashen babban suna gare shi, makarantu ake buɗewa don a koyi aikinsa. A nan sai wani yaro da bai gama babi uku na littafinsa na farko ba ya taɓe baki ya ce maroƙi.

Da muka ce wasu ƙasashe, bari mu kawo guda ɗaya, domin akwai wani mutum da suka yi zamani ɗaya da Ɗanƙwairo kusan shekara da shekara, aikinsu kuma iri ɗaya, ko da yake babu wanda ya san da zaman wani. Sunansa Gustav Ernesaks, mutumin Estoniya, wata 'yar ƙaramar ƙasa a arewacin Turai, maƙwabciyar Rasha. An haife shi a 1908, ya rasu a 1993. Shi ma mai tsara waƙa ne kuma jagoran masu rerawa a ƙungiya. A 1944 ya kafa ƙungiyar maza masu rera waƙa wadda har yau tana nan a matsayin ta ƙasa. A wannan shekarar ce kuma ya ɗauki wata waƙar son ƙasa da wata marubuciya, Lydia Koidula, ta rubuta tun ƙarni na 19, ya sa mata sabon kari.

Mutanen Estoniya suna da wani taron waƙa da suka fara tun 1869 a garin Tartu, yanzu ana yin sa duk bayan shekara 5 a Tallinn, babban birninsu, inda masu rerawa kusan 30,000 kan tsaya a dandali ɗaya ƙarƙashin jagora ɗaya. Lokacin da ƙasar take hannun Tarayyar Sobiyat, waƙar nan ta Ernesaks ta zame musu taken ƙasa na zuci. An rera ta a taron 1947, daga baya hukuma ta cire ta daga jerin waƙoƙi. A taron 1960 sai jama'a suka ɗauke ta da kansu ba wanda ya ba su izini, dole aka bar tsohon ya hau ya jagorance su. Da aka zo ƙarshen shekarun 1980, tarukan waƙa suna cikin abin da ya haɗa kan mutanen har suka karɓi 'yancinsu a watan Agustan 1991, shekarar da mu kuma muka rasa Ɗanƙwairo. Yau duk wanda ya je filin taron zai tarar da mutum-mutumin Ernesaks da aka kafa a 2004, yana zaune yana kallon dandalin. Mu ba mutum-mutumi muke nema ba, ba al'adarmu ba ce, ba ma so. Abin da muke so a gani shi ne ƙasar nan duka mutanenta kimanin miliyan 1.3 ne. Jihar Kano kaɗai a ƙidayar 2006 ta haura miliyan 9, ta ninka su sau 7. Ba yawa ne ya riƙe musu waƙarsu ba.

Mun san abin da za a ce. Za a ce ai shi wancan ƙasarsa ya yi wa waƙa, naku kuwa sarakuna da 'yan siyasa ya wasa don a ba shi doki da mota. To a ji wannan: Ernesaks ɗin nan shi ne ya sa wa taken Estoniya ta zamanin Sobiyat kari, taken da masu mulkin mallakar suka amince da shi. Ya karɓi lambar yabo ta Stalin, ya karɓi ta Lenin. Wato shi ma ya ci daga hannun masu mulki, kuma masu mulkin da suka kwashi dubban 'yan ƙasarsa zuwa Saiberiya. Mutanensa sun san haka sarai, sun rubuta, suna muhawara a kai, amma ba su ce saboda haka a jefar da aikinsa a bola ba. Babu mai fasahar da ya taɓa rayuwa da iska. Wanda ba sarki ne ya ciyar da shi ba, to gwamnati ce, ko kamfanin ɗab'i, ko attajirin da ya sayi kwafi 100 ranar ƙaddamarwa. Mu da muke ganin yadda ake ƙaddamar da littattafai a Kano, da irin kirarin da ake yi wa babban mai ƙaddamarwa kafin ya faɗi abin da zai bayar, ai bai kamata a ji kalmar roƙo a bakin marubuci da sigar zagi ba.

Kuma ba cewa muke a wanke Ɗanƙwairo tas ba. Ya yi zambo, ya yi habaici ga 'yan sarkin da suka nemi sarauta suka rasa, mutanen da laifinsu kawai shi ne sun yi takara da ubangidansa. Ya kambama wasu fiye da yadda suke. Wannan duka na cikin tarihinsa, kuma marubucin kirki zai rubuta shi yadda yake. Amma a tambayi kai: me ya sa yaron da aka haifa bayan shekarar 2000, wanda bai san ko wane ne 'Yandoton Tsafe ba, bai taɓa taka Tsafe ba, yake sa waƙar a waya yana gyaɗa kai? Wanda aka yi wa waƙar ya tafi, rigar da aka bayar ta yage, dokin ya mutu. Abin da ya rage shi ne ginin waƙar, da Hausar da ke cikinta, da yadda muryoyin nan ke shiga juna. Shi ne kuma abin da masu rainin ba su taɓa zama sun saurara ba.

Sai kuma masu cewa adabin baka daban, rubutacce daban, mu na rubutu ne. Wannan katanga a aji kawai take, don sauƙin jarrabawa. Rubutacciyar waƙar Hausa tun asali don a rera ake yin ta, da dama daga cikinta ma da amshi. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da ka ya tsara Imfiraji, da baki ta yaɗu a kasuwanni da tashoshi kafin mafi yawan mutane su gan ta a takarda. Aminu Ala da ake ji yau da littattafan labari ya fara kafin waƙa ta ɗauke shi. Ina katangar take?

Yanzu mu zo kan abin da ya riƙe wa mutanen Estoniya kayansu, domin nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Ba gwamnati ba ce ta fara. A 1888 wani malami mai suna Jakob Hurt ya yi kira a jaridu cewa duk wanda ya iya rubutu ya shiga ƙauyensu ya rubuto waƙoƙin tsofaffi da tatsuniyoyi da karin magana ya aiko masa. Mutum fiye da 1,000 suka amsa: malaman firamare, ɗalibai, manoma, masu sana'ar hannu. Suka tara shafi fiye da 100,000 da hannu, ba rikoda, ba waya, a lokacin suna ƙarƙashin sarkin Rasha, harshensu ma ba shi da wata daraja a ofis. A 1927 aka buɗe ma'adanar adabin gargajiya a Tartu, kayan suna nan har gobe. Masu tsara waƙa na baya daga wannan rumbu suka riƙa ɗiba. Waɗanda suka yi wannan aiki ba farfesoshi ba ne. Irinmu ne, masu difloma da masu sakandare, masu ɗan ilimin da ya isa a riƙe alƙalami.

A nan ne wani zai ɗaga hannu ya ce ai malaman jami'a sun gama wannan aiki. Ba su gama ba, kuma ba za su iya gamawa su kaɗai ba. A ba su haƙƙinsu: Farfesa Gusau ya rubuta Makaɗa da Mawaƙan Hausa da Jagoran Nazarin Waƙar Baka, ya kuma tattara matanin waƙoƙi masu yawa a jerin Diwanin Waƙoƙin Baka. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi a kan Narambaɗa. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan waƙar Shata tun shekarun 1970. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006, kuma wannan littafi hujja ce a kanmu duka, domin aikin 'yan jarida da marubuta ne, sun bi mutane gari gari sun yi hira da su. Allah ya saka musu. Amma a lura da abu biyu. Na farko, hasken ya fi sauka a kan jagora. Shata, Narambaɗa, Jankiɗi, Ɗanƙwairo, Sa'idu Faru, Ɗandawo. Mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a bayansu, waɗanda in sun yi shiru waƙar ta rushe, sai dai a ambace su a layi biyu. Duk mai musu ya gwada kansa: ya kawo sunan 'yan amshin Narambaɗa uku ba tare da ya buɗe littafi ba. Na biyu, hasken ya fi sauka a manyan fadoji. Makaɗin hakimi, makaɗin dagaci, makaɗin manoma, zabiyar ƙauye, waɗannan ba wanda zai taso daga jami'a ya zo dominsu sai an yi sa'a wani ɗalibi ɗan garin ya zaɓe su a kundin kammala karatu, kundin kuma ya ƙare a kan kanta yana shan ƙura.

Mu da muke Rano da Kibiya wannan ta biyun ce ta fi ci mana rai. Rano fa ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano aka sani da baba da rini, sarkinta Autan Bawo ake masa kirari. Garin da ya yi sarauta tun wancan zamani bai taɓa zama ba makaɗa ba. A cikin 'yan shekarun nan kaɗai an ɗaga masarautar a 2019, an rushe ta a 2024, an sake maido da ita a wannan shekarar a matsayi na biyu da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya. An yi ta rubuce-rubuce a kan siyasar abin, kowa da ɓangarensa, har an gaji. To su masu tambari da algaita da kakaki da ke fita duk hawan salla, ko wa ke kan gado, waɗanda suka gaji kirarin sarakunan garin daga kakanninsu, suna riƙe da jerin sunayen da wataƙila babu shi a kowace takarda, wane marubuci ne daga cikin masu zafin muhawarar nan ya je ya durƙusa ya gaishe su ya ce baba a ba ni labari?

Wannan a fada ke nan. A bayan gari abin ya fi tsanani. Daga Rurum zuwa Zurgu, daga Tarai zuwa Durba da Saya-saya, ƙasar noma ce, kuma noman da kiɗa aka san shi. A yi gayya, mai gangar noma ya bi bayan samari yana kiran kowa da takensa, su kuma suna amsawa da ƙarfin dantse. Irin kiɗan da gidan su Ɗanƙwairo ya fara da shi ke nan. Yau maganin feshi da ɗan ƙwadago sun maye gurbin gayya a wurare da yawa, gangar tana rataye a zaure fatarta na bushewa. A cikin gida kuwa, injin niƙa ya kashe waƙar niƙa, siminti ya kashe waƙar daɓe. A tuna yadda daɓe yake: mata cike da ɗaki, kowacce da madaɓi, ɗaya na bayarwa saura na amsawa, bugun ƙasa shi ne kiɗan. In wannan ba ƙungiyar rera waƙa ba ce, mece ce? Gaɗa ma da 'yan mata ke yi a dandali da farin wata haka take, mai bayarwa da masu karɓa. Ba muna kukan a koma niƙa a dutse ba ne, Allah ya kiyaye, iyayenmu sun sha wuya ya isa. Aikin ya tafi, ya tafi lafiya. Waƙar ce ba dole ta bi shi ba, kuma a kan tsofaffin da suka haura 70 kawai ta rage.

Kada wani ya ce ai komai na intanet. Je ka duba abin da ke can. Waƙar Kurna an rubuta Ɗanƙwairo a kai, ta Sa'idu Faru an ce ta Narambaɗa ce, ba shekara, ba wurin da aka ɗauka, ba sunan mai kotso ko ɗaya. Masu tura waƙa a waya a kasuwa sun yanke kai sun yanke gindi don ta shiga memori. Abin da ya tsira ma albarkacin gidajen rediyo ne, musamman na Kaduna, da suka ɗauki manyan. Na ƙauye ba a taɓa ɗauka ba balle a ɗora. Ga shi kuma salon situdiyo na yanzu ba ya haifar da 'yan amshi. Mawaƙi ya shiga, mai fiyano ya haɗa kiɗa, a ɗauki amshi sau ɗaya a riƙa liƙa shi da kwamfuta duk inda ake so. Ba mu ce ba a waƙa mai daɗi a haka ba, ana yi. Amma makarantar da ta fitar da Ɗanƙwairo, wato ka shekara 20 a bayan wani kana koyon inda ake shiga da inda ake fita, ita ce ke rufewa.

Ga 'yan uwa masu ganin kiɗa bai halatta ba, ba mu zo jayayya da ku ba, malamai sun yi maganarsu kuma kowa ya san wanda yake bi. Ba kiɗa muka ce a yi ba. Rubuta tarihin mutum da abin da ya faɗa daban ne da ɗaukar ganga. Masu tarihi sun rubuta labarin Barbushe da Tsumburbura, ba wanda ya ce sun koma bauta a Dala.

Wanda kuma ke tambayar me zai samu, to ga shi, tunda sai an yi maganar riba. Mafi yawan rubutun da matasa ke turowa a gyara cuta ɗaya ke damunsa: Hausar ba ta da gishiri. Jimla ce ta Turanci aka sa mata hula. Kowane hali a labari magana iri ɗaya yake yi, tsohuwar ƙauye da ɗan boko ba bambanci. Maganin wannan ba ya cikin littafin koyon rubutu. Yana bakin mutanen nan. Makaɗin fada ya san yadda ake siffanta mutum da kalma uku ya tsaya a gabanka. Ya san yadda ake zagin mutum ba a kama suna ba, kowa kuma ya gane. Ya san inda ake tsayawa a bar mai sauraro ya ƙarasa, wanda shi ne abin da marubutanmu masu bayanin komai har ƙarshe suka fi buƙata. Sannan a lura, Ɗanƙwairo bai taɓa sauya harshensa don Kano ko Zariya su gane ba. Da Hausarsa ta Zamfara ya yi waƙa, Arewa duka ta bi shi. Amma sai ka ga ɗan Kibiya yana goge kalmomin garinsu daga labarinsa wai kada a ce shi baƙauye ne. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta, a bakin mai ba da labari. In tsohuwar Fammar za ta yi magana a littafinka, bar ta ta yi irin ta Fammar. (Af, tunda an zo nan: sunan mutumin nan harufa masu lanƙwasa biyu gare shi, Ɗ da ƙ. Marubucin da ke rubuta shi ba ƙugiya ko ɗaya, alhali allon rubutun Hausa kyauta ne a waya, ya fara gyara wannan kafin ya zo mana da maganar wa ya iya adabi.)

Aikin ba ya buƙatar tallafin kowa. Waya mai ɗaukar murya, littafin rubutu na ɗari biyu, da ladabi. A je da goro ko ɗan abin da ya sawwaƙa, domin mutumin da ya rayu da bakinsa bai kamata a kwashi kayansa a tafi a bar shi da godiya ba. A nemi izininsa kafin a kunna waya, a gaya masa inda abin zai je. A rubuta rana da shekara da unguwa a farkon shafi. Kada a tsaya a waƙa kawai. A tambaye shi wa ya koya masa, su wa ya yi wa amshi, su wa suka yi masa, ina suke yanzu, wa ke ɗinka masa fata, yaya ake raba abin da aka samu in an dawo daga biki, domin a wajen rabon nan ne ake jin labarin da ba ya cikin waƙa. In ya rera, a rubuta yadda ya faɗa, kada a gyara masa Hausa. Kalmar da ba a gane ba a tambaye shi nan take, kada a bari sai an dawo gida a yi cane-cane. Ɗaliban foliteknik da ke karatu a Rano, waɗanda suka zo daga garuruwa daban-daban, su ma hutu ɗaya ya ishe su kowa ya dawo da na garinsu.

'Yan uwa mata, kaso mafi girma a hannunku yake, kuma ba don a faranta muku muka faɗa ba. Namiji ba zai shiga ɗakin tsohuwar da ba muharramarsa ba ya ce ta yi masa waƙar daɓe, ko ya shiga ma kunya ba za ta bar ta ta faɗi rabin abin da ke ciki ba, don wasu baitocin habaicin kishiya ne da na uwar miji, ba a yin su gaban maza. Barmani Choge ta rasu a 2013, ita an ɗauke ta a kaset da bidiyo saboda ta fito fili. Matan da suka yi mata amshi suna buga ƙwarya, da dubban irinsu da ba su taɓa fita daga cikin gida ba, ku kaɗai ke iya kaiwa gare su. Ku fara da wadda ta fi tsufa a gidanku, kuma in ta ce sai an tara mata masu amsawa kafin ta iya tunawa, ku tara mata, ku rubuta sunan kowacce da ta zauna a tabarmar.